Neman kalma: me za mu kira "assist" a ƙwallon gora na ƙanƙara?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Duk mai son rubuta tarihin Peter Forsberg da Hausa zai ci karo da wannan kalma tun daga layin farko. Ɗan Suwidin ne, an haife shi a garin Örnsköldsvik a 1973, ya tashi a ƙungiyar Modo kafin ya tafi gasar NHL ta Amurka da Kanada. A can ya buga wasa 708, ya jefa ƙwallo 249 a raga da sandarsa, aka kuma rubuta masa abin da Turawa ke kira "assist" har 636. In ba mu da kalmar, mun zubar da fiye da kashi biyu cikin uku na aikin mutumin. A ƙwallon ƙafa mukan ce "ya bayar aka ci". To wannan jimla ce, ba suna ba, ba za ta zauna a saman jadawali ba. Me kuka gani?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai "taimako" ne ya fara zo mini. Kowa ya san shi, har yaro. Ƙwallo 249, taimako 636. Ina matsalar?

Malam Habibu:
Hajiya, matsalar faɗi ce. Wanda ya tsaya gaban mai tsaron gida ya tare masa gani, shi ma ya taimaka. Wanda ya bangaje ɗan baya ya buɗe hanya, ya taimaka. Babu ɗayansu da ake rubuta wa komai in sandarsa ba ta taɓa ƙwallon ba.

Yaya Ɗanjuma:
Kafin mu zaɓi kalma, a fara sanin dokar, don a nan wasan ya rabu da ƙwallon ƙafa. Idan aka ci, ana duba mutum biyu na ƙarshe daga ƙungiyar da ta ci waɗanda suka taɓa faifan, wato ƙwallon wannan wasa, kafin mai jefawa. Kowannensu ana rubuta masa ɗaya, muddin abokin hamayya bai karɓe faifan ya mallake shi a tsakani ba. Ba a wuce biyu. Wani lokaci ɗaya ne kawai, wani lokaci babu ko ɗaya, kamar in mutum ya ƙwace faifan da kansa ya tafi ya ci. Ko mai tsaron gida yana iya samu, in daga sandarsa abin ya faro.

Ga inda "bayarwa" ko "miƙawa" ke faɗuwa. Na farko, mutum na biyun bai ba mai ci komai ba, wani ya ba, wancan ya miƙa gaba. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci: a ce ɗan wasa ya dunƙula ya buga da niyyar ci, faifan ya daki ƙafar mai tsaron gida ya dawo, abokinsa ya tura shi raga. Ana rubuta wa mai bugun farko, alhali bai yi niyyar ba kowa ba. Dawowar faifai daga jikin mai tsaron gida ba a ɗaukarsa a matsayin mallaka. Ƙwallaye da yawa a wasan nan haka ake cin su, a cikin turmutsutsun bakin raga.

Saboda haka nake ba da shawarar "sila". Silar ci. Wanda abu ya faru ta hanyarsa, ko ya yi niyya ko bai yi ba, shi ne sila. Na kusa da mai ci, sila ta farko. Na bayansa, sila ta biyu.

Hajiya Rabi:
Yaya, kalmar ta yi daɗi a baki, amma ƙirga fa? Mun saba cewa "shi ne silar zuwana", ba mu saba cewa sila goma ba. Jam'inta ma ban taɓa jin an faɗa ba.

Yaya Ɗanjuma:
Ba ma buƙatar jam'i, Hajiya. Muna cewa naira ɗari, buhu ashirin, ƙwallo uku. Gwada ki ji: a kakar 2002 zuwa 2003 Forsberg ya ci ƙwallo 29, ya yi sila 77. A shekarar ce abokin sahunsa a Colorado Avalanche, Milan Hejduk, ya ci ƙwallo 50. Mai karatu yana ganin lambobin nan biyu gefe da gefe ya gane wa ke dafawa, wa ke ci.

Malama Asabe:
Na goyi bayan "sila", sai dai akwai tarko a gaba. A wasan nan ana haɗa ƙwallon da mutum ya ci da silar da ya yi, jimlar ita ce makinsa, kuma darajarsu ɗaya: ƙwallo maki ɗaya, sila maki ɗaya, ko ta farko ko ta biyu. 29 da 77 suka ba shi maki 106, da shi ya ɗauki kofin Art Ross na wanda ya fi kowa maki, ya sha gaban ɗan garinsu Markus Näslund mai 104. A shekarar kuma aka ba shi kofin Hart na gwarzon gasar. Amma Bahaushe mai bin ƙwallon ƙafa ya san "maki" na ƙungiya ne a teburi. Nan ma ƙungiya tana da nata: biyu in ta yi nasara, ɗaya in aka doke ta bayan ƙarin lokaci. Dole a riƙa rubuta "makin ɗan wasa" a karon farko, in ba haka ba wani zai ɗauka Colorado ce ta tara 106.

Malam Habibu:
Madalla, Malama. Tunda Yaya Ɗanjuma ya riga ya kawo "faifai" da "sahu" ba tare da ya nemi izini ba, mu tabbatar da su.

Yaya Ɗanjuma:
Faifai ba sai an yi gardama ba. Abin ba mulmulalle ba ne, baƙar roba ce mai tauri, faɗinta inci uku, kaurinta inci ɗaya, nauyinta tsakanin giram 156 da 170. Ana daskarar da ita kafin wasa don kada ta riƙa tsalle a kan ƙanƙara. Wurin ci ne kawai zan bar "ƙwallo", domin "ya ci faifai" zai sa mutane dariya.

Sahu kuwa saboda 'yan gaba uku-uku suke fita, na tsaka da na gefe biyu, kuma ƙungiya takan zo da sahu huɗu. Gudun kan ƙanƙara yana cinye numfashi, don haka sahu ba ya wuce kamar daƙiƙa 45 sai a canza shi, wasa na tafiya.

Malama Asabe:
A kula da gurbin Forsberg ɗin. Kada a ce "ɗan wasan tsakiya", wannan na ƙwallon ƙafa ne kuma zai ɓatar da mai karatu. "Ɗan gaba na tsaka" ya fi. Shi ne yawanci ke tsayawa gaba da gaba da takwaransa in alƙalin wasa zai saki faifai, shi ke komawa baya ya taya masu tsaro, shi ke rabawa na gefe. Shi ya sa silar 'yan wannan gurbi takan fi cinsu yawa.

Hajiya Rabi:
To na sauka daga kan "taimako". Bari in gwada da jimlar da ta fi wuya. A 2001 aka cire wa Forsberg saifa ana tsakiyar wasannin neman kofin Stanley, kofin zakarun NHL, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar da ta biyo baya, sai da aka zo wasannin neman kofin na 2002 ya dawo, ya ci ƙwallo 9, ya yi sila 18 a wasa 20, makinsa 27 ya fi na kowa. Ta zauna, Malam Habibu. Sai dai a rubuta "silar ci" cikakke a farkon rubutu, daga nan a ci gaba da "sila" kawai.

Malam Habibu:
Haka za a yi, Hajiya. A saman jadawali: wasa, ci, sila, maki. Na Forsberg a NHL: 708, 249, 636, 885.