Haɗa sautin fuz iri-iri a waƙa ɗaya: abin da masu situdiyo a Katsina suka ce

Fuz na'ura ce da ke sa sautin jita ya yi kaushi. Kusan kowa a zaman da masu situdiyon suka yi ya yarda cewa in an ɗauki sautin jita sau biyu da fuz iri ɗaya aka haɗa, sautin cakuɗewa yake yi, ba ya ƙara kauri. Gara a ɗauki biyu masu hali daban, a tura ɗaya lasifikar hagu, ɗaya ta dama.

An fi daɗewa kan Fuzz Face, wani nau'in fuz da ya fito a 1966. Na asalin yana amfani da taransistocin jamaniyam (wasu ƙananan sassan lantarki da ke cikinsa), su kuwa zafi na sauya musu murya. Ga wanda ya san Katsina a watan Afrilu, wannan ba ƙaramar magana ba ce: abin da aka ɗauka da safe ba lalle ya dace da na azahar ba, don haka a gama ɗaukarsa a zama guda. A kuma jona shi kai tsaye da jita. Da an ɗan rage ƙarar jitar, sai kaushin ya lafa.

Big Muff kuwa, wani nau'in fuz ɗin, yana jan sauti da tsawo amma yana cinye tsakiyarsa, wato muryar da ke tsakanin mai kauri da siririya, shi ya sa yake ɓacewa da ganga ta shigo. Wasu suka ce a ƙara masa tsakiyar, wasu suka ce a bar shi can baya. Ni na biyun na fi so, musamman in akwai kalangu a waƙar.