Yarona ya kamu da tseren keke, ina neman bayani kan Lech Piasecki

Mai Faci Zango:

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran keke ne, shekara 19 ina faci da ɗaurin sifoko kusa da Kasuwar Dole. Ɗana na fari shekararsa 16, kuma tseren keke ya shiga ransa sosai. Kullum da an sallame asuba zai ɗauki wani tsohon Peugeot da na haɗa masa, ya miƙe hanyar Mirya, ya dawo kafin lokacin lakwal, girarsa fari fat da ƙurar hunturu. Ƙafar bayan keken ni na ɗaure ta da hannuna, sifoko 36, har yau ba ta yi rawa ba.

Jiya ya nuna mini wani ɗan ƙasar Polan a waya, Lech Piasecki, wanda ya zama zakaran duniya a kan hanya, ya kuma sake zama zakara a cikin fili mai zagaye. Na tsura wa keken filin ido: ba birki, giya ɗaya tal, muddin ƙafar keken na juyawa to dole feda ta juya. Yaya mutum ɗaya ya iya duka biyun? Kuma yaron da babu irin wannan fili a garinsu, wahalar banza yake sha? Mahaifiyarsa ta fara magana kan kuɗin taya, ina so in san abin da zan ce mata.

Tsohon Mushe:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don a rediyo na bi labarin mutumin nan ina saurayi. A Poznan aka haife shi a 1961. A 1985 ya ci Tseren Zaman Lafiya, wanda shi ne babban tseren ƙasashen gurguzu, kuma a shekarar ya ɗauki kambun duniya na waɗanda ba ƙwararru ba a Italiya. A lokacin 'yan tseren gabashin Turai ba kasafai ake barinsu su fita cin abinci da keke ba. Shi ya samu fita, ya shiga ƙungiyar Del Tongo ta Italiya a 1986, tare da Saronni, shahararren ɗan tseren Italiya. A 1987 da aka fara Tour de France daga Berlin ta Yamma, ya sa rigar nan mai ruwan ɗorawa da ake ba wanda ke kan gaba a tseren, ɗan Polan na farko da ya taɓa sa ta.

Amsar tambayarka tana cikin irin tseren da ya ci a Gand ta Beljiyam a 1988. Bin sawu ne: mutum biyu, kowa ya tashi daga gefensa na filin, kilomita 5 a wancan zamani, ba wanda zai laɓe bayan wani. A kan hanya ma inda ya fi ƙarfi shi ne gudun agogo, inda ake sakin mutum shi kaɗai, kuma ya ci irinsa a Giro na Italiya. Ka ga aikin ɗaya ne, wato riƙe gudu mai zafi kai kaɗai iska na dukan ƙirjinka. Wannan kuwa hanyar Mirya tana koyar da shi.

Ɗan Birni:

Baba Mushe, da girmanka, amma fili ba ƙarfi kaɗai ba ne. Kwanar ta miƙe kamar bango, zagaye ɗaya mita 250, in ka sassauta gudu a sama sulɓowa za ka yi. Wannan sai an hau ake koya. Szymon Sajnok, shi ma ɗan Polan, da ya ci kambun duniya na omniyom (gasar da ta haɗa tsere iri-iri a fili) a 2018, suna da fili rufaffe a ƙasarsu, a Pruszkow. Ni shawarata yaron ya sa ido kan hanya kawai. Ga Tour du Faso na Burkina Faso nan kusa da mu, tun 1987 aka fara shi.

Tsohon Mushe:

Gaskiyarka kan kwana, ban musa ba. Amma Mai Faci, abu ɗaya: kada ka bar shi yana tura babbar giya don nuna ƙarfi, gwiwar ɗan shekara 16 ba ta gama ƙwari ba. Giya mai sauƙi, ƙafa na juyawa da sauri. Kuma hular kwano dole, manyan motoci ba su da sabo a hanyar nan.

Mai Faci Zango:

Allah ya saka da alheri, Baba. Maganar giya ta shige ni, domin ni ne na sa masa babbar, shi kuma makon jiya ya ce gwiwarsa ta dama na ciwo in ya durƙusa sallah. Yau da la'asar zan canza ta. Jumma'a kuma zan bi shi a babur da agogon waya, mu auna daga fitar gari zuwa Mirya, in rubuta a littafin da nake rubuta bashin faci. Ɗan Birni, in ka san inda ake samun hular kwano ta keke a nan Damagaram ka faɗa mini, ta babur ta yi masa nauyi a wuya.