Leo Laporte da shirin gyaran kwamfuta ta waya: yaya ake tafiyar da irinsa?

Mai_Sauraro:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san aikin rediyo. Akwai wani Ba'amurke, Leo Laporte, da ya daɗe yana shirin da mutane ke bugo waya su faɗi matsalar kwamfuta ko wayarsu, shi kuma ya ba su mafita kai tsaye. Daga ina ya faro? Ta yaya mutum zai gano ciwon na'urar da bai gani ba cikin minti biyar? Kuma me ya sa muryar masu kira ke fita tsaf, ba amsa-kuwwa ba ƙugi? A ƙarshe me ya raba shi da rediyo?

Tsohon_Furodusa:
Wa'alaikumus salam, Malam. An haife shi a Niyok a 1956. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne bai karanci kwamfuta ba. Tarihin Sin ya fara karantawa a jami'ar Yale, ya bari bai gama ba ya shiga aikin rediyo. Wato ɗan rediyo ne da ya koyi kwamfuta, ba masanin kwamfuta da aka tura gaban makirufo ba, kuma a ganina wannan shi ne ya riƙe shi tsawon shekarun nan. Ya san yadda ake magana da wanda bai san komai ba ba tare da an kunyata shi ba.

A 1991 ya fara shirin kwamfuta a rediyo tare da John C. Dvorak a yankin San Faransisko. A 1998 ya koma talabijin a tashar ZDTV, wadda daga baya ta zama TechTV, yana gabatar da The Screen Savers da Call for Help. Da kamfanin Comcast ya saye tashar a 2004 ya haɗe ta da tashar G4, sai al'amura suka watse. A shekarar ce ya soma shirin ƙarshen mako a gidan rediyon KFI na Los Anjalas, wanda aka sani da The Tech Guy. A 2007 kamfanin Premiere ya ɗauki shirin yana rarraba wa tashoshi a faɗin Amurka. Awa uku ranar Asabar, awa uku ranar Lahadi, har zuwa Disamban 2022. Shekara 19 ke nan tun daga 2004.

Injiniyan_Sauti:
Bari in ɗauki batun murya, don nan ne yawancin shirye-shiryen kiran waya ke faɗuwa.

Amsa-kuwwa tana zuwa ne idan aka mayar wa mai kira muryarsa. Maganinta shi ne haɗin da ake kira mix-minus: ka aika masa duk sautin sutudiyo, ban da nasa. A mikisa ta yau da kullum ga yadda ake yi. Sautin wayar ya shigo ta layinsa shi kaɗai, a ce layi na 4. Sai ka ɗauki mafitar Aux 1, wato ƙaramar mafitar gefe ta mikisa, ka kai ta wayar. A layin makirufon mai gabatarwa da na baƙo ka buɗe Aux 1, amma a layi na 4 ka murɗe shi zuwa sifili. Shi ke nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki babbar mafitar mikisa a jona wa wayar. To muryar mai kira tana ciki, za ta koma masa bayan ɗan jinkiri, sai ya riƙa jin kansa yana in'ina, wani lokaci ma ta zaga ta zama ƙara mai huda kunne. Na'urori irin su Rodecaster Pro suna yin wannan haɗi da kansu a layin waya da na Bluetooth.

Na biyu, jinkiri. Gidajen rediyon kiran waya suna riƙe sauti kamar daƙiƙa 7 kafin ya fita iska. Idan mai kira ya yi ashar, injiniya ya danna maɓallin zubarwa, daƙiƙun nan su ɓace, na'urar ta sake tara jinkirin a hankali ba tare da mai sauraro ya lura ba. Wannan jinkirin ne ya sa dole a ce wa mai kira ya kashe rediyonsa. In ya bar ta a kunne zai riƙa jin maganar da aka yi daƙiƙa 7 da suka wuce, ya amsa tambayar da an riga an wuce ta.

Layin waya na gargajiya yana ɗaukar sauti ne daga 300 zuwa 3,400 Hz kawai, don haka kada a wahalar da kai ƙara masa kauri, babu shi a ciki. Ƙugin nan na "dit-dit-dit" kuwa daga wayar GSM yake idan tana kusa da kebul ɗin makirufo. A nisanta ta da mita ɗaya ko biyu, a yi amfani da kebul ɗin XLR. Laporte an san shi da makirufon Heil PR-40, irin wanda ba ya kwaso hayaniyar ɗaki sosai, amma sai baki yana kusa da shi kamar faɗin yatsu uku ko huɗu.

Mai_Sauraro:
Na gode Injiniya, Allah ya ƙara basira. Saura batun gano matsala ba tare da ganin na'urar ba.

Malama_Mai_Gyara:
Malam, rabin aikin an gama shi kafin a ji muryar mai kira a iska. Akwai mai tace kira. Shi ke ɗaga waya, ya tambayi suna da gari da irin na'ura da matsalar, ya rubuta a layi ɗaya ta fito a allon mai gabatarwa. Ya cire wanda layinsa ba ya fita, da wanda tambayarsa ba ta shafi kowa ba sai shi. A rediyon kasuwanci na Amurka, bayan an cire labarai da talla, abin da ke saura a awa bai cika wuce minti 40 ba, don haka kira biyar ko shida ne a awa. Ba a ɓata ko ɗaya.

A iska kuma tambayoyin suna da jeri. Wace na'ura ce, shekararta nawa? Wane tsari take kai, Windows ko Mac ko Android, kuma wane zubi? Me ya canza kafin matsalar ta fara, an sa sabuwar manhaja ne ko an sabunta wani abu? Me allon ya rubuta, kalma da kalma? Sannan raba gardama: idan intanet ke yankewa, a waya ɗaya ne ko a duk na'urorin gidan? In ɗaya ce, laifin na'urar ne. In duka ne, a duba rawuta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida, ko kamfanin layin. Tambaya ɗaya ta yanke rabin zato.

Akwai shawarwari biyu da Laporte ya sha nanatawa. Ɗaya ita ce ajiyar 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen gida. Dalili a fili yake, faifan ajiyar da ke kan tebur ɗaya da kwamfuta gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ke tafiya da su tare. Ta biyu, idan muguwar manhaja ta shiga kwamfuta, a kwashe takardu da hotuna, a goge faifan gaba ɗaya, a sake ɗora tsarin. Wasu na ganin tsauri ne, amma ta waya ba yadda za a yi ka tabbatar an tsabtace komai, don haka ni ina tare da shi a nan. Kuma ba shi kaɗai yake tunani ba. A wancan lokaci yana da zauren hira na intanet a buɗe lokacin shirin, inda masu sauraro masana ke jefo gyara idan ya kauce, shi kuma ya karanta a iska.

Tsohon_Furodusa:
Batun barin rediyo, sai an dubi kuɗin. Shirin da ake rarrabawa yawanci musaya ce: tasha ta karɓa ba ta biya ba, ta bar wa mai rarrabawa wasu mintunan talla. Tun Afrilun 2005 Laporte ya riga ya kafa nasa gidan fodkas (shirye-shiryen sauti da ake saurara ta intanet), TWiT, a garin Petaluma na Kalifoniya, da shirye-shirye irin su This Week in Tech da Security Now da yake yi da Steve Gibson. A can shi ke da shirin, shi ke sayar da tallar, babu agogon tasha da zai katse shi. Da ya ajiye rediyo, Rich DeMuro na tashar KTLA ya gaji gurbin a Janairun 2023. Fodkas ɗin ma bai tsira daga ƙarancin talla ba: a 2021 sun buɗe Club TWiT, inda masu sauraro ke biyan kuɗi, dala 7 a wata a lokacin, a 2024 kuma suka rufe sutudiyo ya koma gabatarwa daga gida.

Abu ɗaya da ya kamata mai sauraron irin wannan shiri ya kula da shi: mai gabatarwa ne ke karanta tallar da bakinsa. Carbonite, kamfanin ajiyar bayanai, ya daɗe yana cikin masu tallar shirin. Shawarar ajiye kwafi daidai ce, amma sunan kamfanin da ya biyo bayanta biya aka yi, sai ka kwatanta farashinsa da na wasu kafin ka saya.