Kemistiri na nema ya kada ni, ga WAEC ta matso

Ƙanwarku daga Mabera:
Assalamu alaikum yayyena da malamai. Don Allah ku taimaka mani da shawara. Ina SS3 ajin sayans, burina in karanci likitanci nan Danfodiyo, bayoloji ba ni da matsala da shi, fiziks ma da sauƙi-sauƙi, amma kemistiri wallahi ya ƙi zama a kaina. Ina haddace ma'anoni tsaf, in anka ce mi ne ne asid zan kawo shi kamar karatun allo, amma da an kawo lissafin mol shi ke nan kaina ya ɗaure. Ga furaktikal kuma, makarantarmu biret ɗin da ke aiki, wato dogon bututun gilas mai famfo da ake auna asid da shi, ba su da yawa, malam ke yi muna kallo daga nesa, ni ban taɓa yin taitireshin da hannuna ba, wato ɗiga asid cikin bes (kishiyar asid) kaɗan-kaɗan har launi ya canza. Ta ina zan fara?

Malamin sayans, Arkilla:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ki kwantar da hankalinki, ciwon nan na yara da yawa ne, kuma tushenshi guda: an wuce mol tun SS1 ba a gane shi ba, sai anka ɗora gini bisa. Ki koma can ba kunya.

Mol ƙidaya ce kawai, yadda 'yan kasuwa ke cewa dozin suna nufin 12, haka mol ɗaya ke nufin ƙwayoyi 6.02 × 10²³. Tunda ba mai iya ƙirga su ɗaya-ɗaya sai a auna nauyi. Ki ɗauki dutsen farar ƙasa da ake haƙa wajen Kalambaina ana yin siminti, CaCO₃ ke nan. Mol ɗaya nai giram 100 ne. In anka gasa shi da wuta mai ƙarfi sai ya rabu, ki samu giram 56 na CaO da giram 44 na iskar CO₂, ki haɗa ki gani, 100 ɗin ce ta dawo ba abin da ya ɓace. Iskar nan kuma a s.t.p., wato zafi da matsin iska da anka tsaida don awo, tana cin wuri 22.4 dm³ (dm³ ɗaya lita ɗaya ce). To in anka ba ki giram 50 fa? Rabin mol, komai sai ki raba biyu. Kusan duk lissafin da ke ba ki tsoro haka yake tafiya: ki daidaita ikweshin, ki maida abin da anka ba ki zuwa mol, ki dibi rabon da ikweshin ya nuna, sannan ki maida shi abin da anka tambaya.

Gwada wannan ki kawo amsa: an narkar da giram 5.3 na Na₂CO₃ cikin ruwa har ya kai 500 cm³, nawa ne ƙarfinshi a mol/dm³? Mol ɗaya nai giram 106 ne.

Ɗan Runjin Sambo:
Ni dai shawarata fas kweshin, fas kweshin, fas kweshin, wato tambayoyin shekarun baya. Tambayoyin nan maimaita kansu suke yi ana canza lamba. Ki samu na WAEC da NECO da JAMB ki riƙa sa ma kanki lokaci, don JAMB tambaya 40 ce a kemistiri kuma a kwamfuta, ba a jiran kowa. Sannan kar ki raina oganik, sunayen alken da alkanol ɗin nan maki ne na banza in kin iya dokar sa suna.

Yayarku mai karatun famasi:
Ɗan Runjin Sambo gaskiyarka, amma da gyara. Wanda bai gane ba in ya faɗa fas kweshin amsa zai haddace, ranar da anka juya tambayar sai ido ya raina fata, kuma ko an tsallake, kemistirin shekarar farko a jami'a na nan yana jira. Ta fara ganewa tukuna.

Ƙanwata batun furaktikal shi ya fi damuna, don takarda ce mai zaman kanta a WAEC. Ku haɗu ku 'yan aji ku roƙi malaminku cikin ladabi ya ba ku wata Asabar kowa ya riƙa biret da fifet (siririn bututun auna bes) da hannunshi ko sau ɗaya ne. In kin samu, ki ɗauraye biret da asid ɗin da za ki zuba, ki cire mazurari kafin ki karanta, idonki daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, ki rubuta da biro da lamba biyu bayan ɗigo, kamar 24.50 ba 24.5 ba. Metil orenj, indiketan da ke canza launi, ɗigo biyu ko uku ya isa, cikin bes rawaya yake, da ya koma ruwan lemu ki rufe famfon, in ya yi ja kin zarce. Kuma kar ki manta asid ɗin HCl da Na₂CO₃ mol biyu ne da mol ɗaya, nan yara ke zubar da maki, da mantuwar rubuta yunit.

Canjin launi kuwa ko a gida za ki gani. Ki jiƙa zoɓo ki raba kofi biyu, ɗaya ki matsa lemun tsami, ɗaya ki zuba ruwan kanwa. Na lemun zai ƙara ja, na kanwar zai yi duhu ya karkata zuwa kore, aikin indiketa ke nan. Amma don Allah ban da taɓa ruwan batir ko soda mai ci a gida.

Ƙanwarku daga Mabera:
Allah shi saka da alheri, na gode ƙwarai. Malam na gwada: 5.3 raba 106 ya ba ni mol 0.05, sai na maida 500 cm³ zuwa 0.5 dm³, na raba na samu 0.1 mol/dm³. Haka ne? Anti zoɓon ma na yi, har Inna na tambaya mi nike yi da kanwarta.

Malamin sayans, Arkilla:
Haka ne ɗiyata, madalla. Yanzu ga na gaba: 25 cm³ na ruwan nan naki, cm³ nawa na HCl mai ƙarfin 0.2 mol/dm³ zai cinye shi? Ki fara rubuta ikweshin kafin ki taɓa kalkuleta.