Ta yaya sauyi a ƙwayar gado ɗaya ke hana tsutsa cin abinci cikin taro?

Ɗalibar Kimiyya: Assalamu alaikum. A darasinmu na ilimin gado an ambaci tsutsar nan C. elegans, wadda tsawonta kimanin milimita ɗaya ne, aka ce sauyi a ƙwayar gado guda tak yana sa ta daina cin abinci tare da 'yan'uwanta. Ina roƙon malamai su fayyace mini yadda abu ƙanƙane haka zai juya ɗabi'ar dabba.

Malam Habu: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙwayar da ake nufi ita ce npr-1, wadda Mario de Bono da Cori Bargmann suka bayyana aikinta a shekarar 1998. Idan aka zuba tsutsotsin da aka samo daga tsibiran Hawayi a farantin da aka shafa wa bakteriya, wato abincinsu, za ki ga sun yi dandazo a gefen abincin suna hawan juna, alhali irin Bristol na Ingila kowacce tana kiwonta ita kaɗai. Bambancin da ke jawo hakan amino asid ɗaya ne kacal, wato ɗaya daga cikin tubalan da ake gina furotin da su, a gurbi na 215 na furotin ɗin da ƙwayar ke samarwa.

Hajiya Rabi: Ƙari a kan bayanin Malam, sauyin bai ƙirƙiri wata sabuwar ɗabi'a ba. Tsutsar tana da ƙwayoyin jijiya 302, kuma wasu daga cikinsu, irin su URX, aikinsu auna iskar oksijin ne. Kashi 21 cikin ɗari da ke cikin iskar da muke shaƙa ya yi mata yawa, shi ya sa take kutsawa cikin taro, inda numfashin sauran ke rage oksijin ɗin. Nau'in furotin na Bristol ya fi ƙarfi, yana dakushe wannan ƙararrawa a ƙwayar jijiyar RMG, saboda haka tsutsar ba ta damu da neman mafaka ba muddin akwai abinci.

Malam Habu: Gaskiya ne, Hajiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a ɗakin gwaji nau'in furotin na Bristol ya ɓullo, bayan an daɗe ana kiwon tsutsotsin a kan faranti, su kuwa na daji nau'in masu taruwa suke ɗauke da shi.