Jama'a, mi za mu ce wa "mascotte" da Hausa?

Salamu alaikum ƴan uwa, ku taimaka mani da kalma guda. Wata ƙungiyar mata nan Maradi da ke haɗa garin kunun yara, hatsi da waken soya da gujiya irin dai tsarin Misola, sun ba ni aikin zanen leda da afish da takardun da za a raba wurin awon yara. Na zana masu wani ɗan ludayi mai ido da baki yana dariya, hannunshi riƙe da zangarniyar hatsi. Nasara na ce wa irin wannan abu mascotte. Da na kai ma Hajiya shugabarsu ta duba ta ce "ɗana wannan ɗan abin mi sunanshi?" sai na tsaya ina inda-inda.

Misali don mu gane juna: saniyar nan ja mai ƴan kunne ta cukun La Vache qui rit, ko ƙaton nan na tayoyin Michelin da ke nan tun 1898. Ba tambari ba ne fa, tambari hatimi ne, yana zaune wuri guda. Shi wannan yana motsi, yau yana wanke hannu gobe yana dama kunu, har a ɗinka rigarshi wani ya saka ya yi rawa bakin kasuwa.

Tun jiya na fara yi maku wannan tambaya, to ga sunayen da kuka kawo.

Wanda ya ce dodo, haba malam, da dodo ake tsorata yaro ya yi barci, sai kuma mu ce ya sha kunun dodo? Gunki ko kusa, ranar da malamai suka ji an gama cinikin. Mutum-mutumi ya ɗan kusa amma ludayina ba mutum ba ne, kuma yanzu masu labarai sun ba robo wannan suna. Wani ya ce laya, shi ma da hujjarshi, don asalin kalmar ta Faransanci abin da ke kawo sa'a take nufi, sai dai wa zai buga laya bisa abincin jinjiri.

Gizo ya fi ba ni dariya. E, yara sun san shi, amma Gizo maƙaryaci ne mai cinye rabon Ƙoƙi, matan nan kuwa abin da suke son a gani amana ce da tsabta da cewa kayan gonarmu ne. Ina Gizo ina amana.

Wanda ya tsaya mani a rai na wata baba ce da ta turo murya ta WhatsApp, ta ce "yaro ai ɗan kama ne kuka zana". Ƴan kama dai kun san su, duk wasansu da waƙarsu bisa tuwo da miya da fura ne, suna ba mutane dariya. Wallahi ya dace da ludayina. Matsalar kawai ba zai hau na tayar mota ba ko na ƙungiyar ƙwallo, mu kuwa kalmar da za ta ɗauke su duka muke nema.

Shi ya sa na koma ga ƴar tsana. Abin wasa ce, ba ta tsorata kowa, kuma kowa ya san ba rai gare ta ba amma ana yi mata suna ana sa ta magana. Sai a ƙara aikinta: tsanar talla. Na gwada ma Hajiya yau da safe, ba ta tambaye ni ma'ana ba, cewa kawai ta yi "to a ƙara ma tsanar ƙiba kaɗan, ta yi kama da mai tamowa".

Wani ya tambaya mi ya hana in zana jariri ɓul-ɓul kamar na kamfanin abincin jarirai Gerber. Da gangan ne. Tun 1981 akwai ƙa'idar OMS, Hukumar Lafiya ta Duniya, kan tallar abin da ke maye nonon uwa, kuma ko kunu ne bai kamata zane ya sa uwa ta ɗauka za ta iya ba ɗan wata 3 ba. Don haka babu bibiro, kuma a bakin tsanar na sa rubutu babba: daga wata 6, a ci gaba da nono har shekara 2.

Ni dai tsanar talla na rubuta a takardar aiki, mai wadda ta fi ta ya kawo kafin Laraba mu kai wurin bugu. Na kuma san in ledar ta shiga babbar kasuwa ba mai kiran sunan da muka sha wahalar zaɓe, yadda ake cewa Maggi mai tauraro haka za a ce a ba ni mai ludayi na dala ashirin.