ISRC: lambar waƙa ce ko lambar ɗauka?

Jama'a, ku taya ni. Ƙanena ya gama waƙa a wani situdiyo a Kano, zai ɗora ta a Spotify da Boomplay, sai fom ya nemi ISRC. Ya ce, "Yaya, me ake ce mata da Hausa?" Na yi tsuru-tsuru.

Ga yadda take: lamba ce ta shaida da ake ba waƙar da za a fitar, mai haruffa da alƙaluma 12. Biyun farko na ƙasa ne, kamar NG ta Najeriya, uku na wanda ya yi rajista, biyu na shekara, biyar na jeri. IFPI, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta ƙasa da ƙasa, ita ce ke kula da tsarin a duniya. Duk sauraren da aka yi, da wannan lamba ake ƙirga shi, da ita kuma ake gane aljihun da kuɗin zai shiga.

Wani malami ya ce a kira ta "lambar waƙa". Malam, a gafarce ni, ban gamsu ba. Waƙar ita kanta, wato baitoci da karinta, tana da tata lambar daban, ISWC, mai farawa da T, wadda ake bin haƙƙin marubuci da ita. Ita kuwa ISRC muryar da aka ɗauka take bi. Mawaƙi ya sake rera baitocin nan a dandalin biki aka ɗauka, sabuwar lamba ke nan. Ya sauya kiɗa ya sake fitarwa, wata sabuwa. Waƙa ɗaya, ISWC ɗaya, ISRC uku.

"Lambar faifai" ma an kawo, amma faifai kan ɗauki waƙa goma, kowace da tata.

"Lambar naɗi" ta fi kusa, tunda muna cewa an naɗi murya. Sai dai kunnen Bahaushe da ya ji naɗi, rawani yake hangowa. Dama can na ga inda na'ura ta fassara "royalty", wato kuɗin haƙƙin mawaƙi, da "sarauta", kada mu ƙara wa Borno dawaki.

Ni dai na tsaya a kan "lambar ɗauka". A situdiyo abin da ake cewa ke nan: mun ɗauki waƙa, a sake ɗauka. Sai mu bar wa ISWC "lambar waƙa".

Na gwada ta a kan ƙanen nawa. Na ce in ya sauya kamfanin da ke raba masa waƙoƙi, ya tafi da tsohuwar lambar ɗaukarsa, kada lissafin sauraro ya rabu gida biyu. Bai ce in maimaita ba, biro kawai ya nema.